Dosiyen Ƙanwata

Mu biyu Inna ta haifa mata, ni ce babba, tsakanina da ƙanwata shekara shida. Iyayenmu mutanen Damagaram ne, amma a Yamai muka tashi, a wani gida da ke bayan kasuwar Wadata, inda Inna take zaune har yau. Ni aka bari na yi nisa a karatun lakwal, na zama sakatariya a wata ma'aikata a unguwar Filato. Ita kuwa tun tana aji biyar ta ajiye karatu ta bi Inna shagon atamfa da shadda. Ta fi ni baki, ta fi ni fara'a, kuma tana da gashi irin wanda mai kitso take kiran maƙwabta su zo su gani.

Ina da shekara talatin da huɗu na faɗi a biro, wato ofishinmu. Ina cikin buga wata takarda na ji wani wari kamar na ƙonannen roba, daga nan ban sake sanin kome ba sai na farka na ga ƙafafun mutane kewaye da ni. Aka ce farfaɗiya ce. Inna ta yi ta kawo rubutu da hayaƙi, ni kuma na yi ta faɗuwa. Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata likita ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo a ciki. Ya ce wasu ƙananan jijiyoyin jini ne suka cure wuri guda tun halitta, fatarsu ba ta da kauri, suna yoyon jini kaɗan kaɗan, jinin ne yake taɓa ƙwaƙwalwa har in faɗi. Ya ce dole a cire.

A wata ƙasar Larabawa aka yi mini aikin. Aka aske ni, aka yanka daga saman kunne zuwa tsakar ka, aka ɗaga ƙashi aka shiga. Sun cire curin, faɗuwa ta tsaya, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma na dawo gida hannuna na hagu ba ya damƙa, gefen bakina kuma ya ɗan saki. Buga takarda ya gagare ni, sai aka mayar da ni teburin karɓar wasiƙu, ina buga hatimi da hannu ɗaya. In zan ɗaura kallabi sai na haɗa da haƙori.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. Ciwon ya ba ni wani matsayi a gidanmu, kuma na saba da shi. In na shiga gidan Inna, ni ake shimfiɗa wa tabarmar inuwa. In an dama fura, tawa ake fara zubawa. Ba mai bari in ɗaga ko buta. In baƙi sun zo daga Damagaram, Inna za ta ce, "Wannan ce aka buɗe wa kai," su yi ta salati suna duba na. Shekara goma sha biyu ina wannan zama.

Sai ƙanwata ta fara ciwon kai. Daga baya ta ce tana ganin abu ɗaya ya zama biyu, har ta kan miƙa wa mai saye atamfa ta gefen hannunsa. Ranar da ƙafarta ta ɗauke ta zube a ƙofar shago, ni na sa ta a taksi na kai ta wurin likitana, wanda ya tsufa tare da ciwona. Da hoton ya fito ya daɗe yana kallo, sannan ya dube mu.

"Irin na yayarki ne," ya ce da ita. "Akwai gidajen da ake gadonsa. Amma naki ya shige can ciki. In aka bi shi da wuƙa, ɓarnar hanya za ta iya fin ta ciwon."

Na yi kuka ranar, kuka na gaskiya. Amma a makonnin da suka biyo na lura ina jin wani daɗi da ban so in duba shi da kyau ba. Ni ce na san hanya. Ni nake gaya mata lokacin shan magani, da abin da za ta ji kafin faɗuwa ta zo, da yadda za ta kwanta a gefe. Matar da ta fi ni kome ta dawo tana kirana sau uku a yini tana cewa, "Yaya, wannan fa, haka kika ji?"

Tana da ƴa guda da ta tafi Turai karatun aikin jinya, ta zauna can tana aiki. Wata Lahadi muna gidan Inna muna gyaran zogale za a yi kwaɗon da ake ce wa kopto, yarinyar ta kira, uwarta ta buɗe murya kowa ya ji. Ta ce a babban asibitin da take aiki wasu likitoci suna gwada wata sabuwar hanya, kuma suna neman masu irin wannan ciwo da wuƙa ba ta iya kai wa gare shi. Ba a yanka, ba a ɗaga ƙashi. Ta ce sauti ne, irin wanda kunne ba ya ji, ɗan'uwan na eko da ake duba mai ciki da shi. Ana turo shi ta ko'ina a kewayen kai, kowane sili shi kaɗai ba ya yin kome, sai inda suka haɗu a kan curin, can ne yake aiki. Ta maimaita sau biyu cewa gwaji ne, ba wanda ya yi alkawarin warkewa.

Inna ba ta ji wannan na ƙarshe ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Wannan kam ba za a fasa mata kai ba."

Ina zaune kusa da ita, hannuna na hagu a kan cinyata kamar kullum. Na ce, "Alhamdu lillahi," na ci gaba da tsinke ganye. Amma har aka gama kopton ban iya ci ba. Na ce musu maganina ne yake hana ni.

Bayan kwana huɗu ƙanwata ta zo mini biro da wata babbar ambulan. Ba ta saba zuwa Filato ba, ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Ta gaishe da abokan aikina da Zabarmanci da Hausa, ta sa su dariya, sannan ta ajiye ambulan ɗin a gabana.

"Yaya, ga dosiyen. Duk Faransanci ne, kin san ni da shi sai na ciniki. Yarinyar ta ce a cika a aika kafin ƙarshen wata."

Na buɗe na duba. Shafi tara na tambayoyi, da wurin da likita zai sa hannu.

"Akwai kuma wani abu," ta ce. "Sun ce tun da ciwon na gida ne, suna son hotunanki na da, da takardar aikin da aka yi miki. Wai zai taimaka su gane nawa. Wai ma zai sa su fi saurin karɓa ta."

Na ce, "To."

"Suna nan ko?"

"Suna nan. Ki bar shi, zan duba."

Da ta fita na sa ambulan ɗin a durowar ƙasa, na ɗora rajistar wasiƙu a kai, na rufe.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a wurin. Ban yi niyyar hana ta tafiya ba, ko a raina ban taɓa furta haka ba. Kowace safiya ina zuwa da nufin in cika shi. Sai in jawo durowar, in ga gefen ambulan ɗin, in ji zuciyata ta yi zafi. Abin da yake dawo mini shi ne, ni aka fasa wa kai, ni na rasa hannu, ni na yi shekaru ina rufe baki in zan yi dariya, yanzu kuma wannan wahalar tawa ce za a ɗauka a sa cikin ambulan ta zama mata shaidar shiga. Ita za ta kwanta a busa mata sauti ta tashi. Ko a ciwo ma sai da ta fi ni sa'a.

Tana kirana, ina cewa aiki ya yi yawa. Rana ta biyar na ce ban ga hotunan ba tukuna, alhali suna cikin akwatina, a naɗe cikin tsohon zane, na san wurin ko ido rufe. Mijina ya tambaye ni sau ɗaya ko na gama da takardun, na amsa masa da faɗa har ya yi mamaki ya bar maganar.

Rana ta takwas na nemi izini na tafi wurin likita ni kaɗai. Na yi masa bayanin sabuwar hanyar, ya ce ya karanta labarinta. Na yi ta kewaye-kewaye, can dai na fito da abin da ya kawo ni.

"Ni fa? In na je, ba za su yi mini ba?"

Ya cire tabarau ya ajiye. "Madam, me za su yi miki? Naki an cire shi. Babu abin da za a auna."

"Hannun fa?"

"Sautin ba ya mayar da abin da ya riga ya tafi. Lokacin da kika kwanta ciwo wannan hanya ba ta zo ba. Da mun jira ta, ban san ko da kina nan ba." Sannan ya ƙara, "Kuma kada ki ɗauka ƙanwarki hutu za ta je. Ke an san abin da za a yi miki, an yi wa dubbai kafin ke. Ita tana cikin na farko-farko. Ba wanda zai ce miki ga yadda za ta ƙare."

Ya tambaye ni takardar da zai sa wa hannu, na ce na manta da ita a biro. Na fito na tsaya bakin titi ina jiran taksi, maganarsa duk gaskiya ce, amma ba ta rage mini kome ba. Abin da na riƙe daga ciki kawai shi ne ni babu nawa.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, matar da take shago kusa da na ƙanwata ta kira ni. Ta ce in zo, ƙanwata ta faɗi. Na bar hatimi a buɗe na fita. Taksi ya kasa shiga layinsu saboda ƴan tura da babura, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na same ta an kwantar da ita a kan tabarma a cikin shagon, tsakanin tulin atamfofi, an sa mata wani turmin atamfa a ƙarƙashin kai. Ta farfaɗo, amma ta ciji harshe, jini ya ɓata mata gaban riga. Idonta ɗaya ya ɗan karkace. Mata sun cika ƙofa, na roƙe su suka ja baya.

Na zauna kusa da ita. Ta dube ni ta yi magana, harshen ya sa maganar ta yi nauyi.

"Yaya, in ba za ki iya ba, ki ba ni. Akwai masu rubuta takarda a bakin gidan waya."

Na ce, "Zan iya."

"Na san za ki iya. Na kuma san ba aiki ne ya yi miki yawa ba."

Ta juya ta kalli rufin kwano.

"Shekara goma sha biyu," ta ce, "in na shiga gida da gajiya, Inna ba ta tambaya ta ya kasuwa. Sai ta ce na leƙa ki? Na haihu, da jego a jikina nake dafa miki abinci in kai. Ban taɓa cewa kome ba, don na ga abin da ya same ki. Amma kada ki ɗauka ke kaɗai kika san wannan abin da kike ji."

Na so in ce ba ɗaya ba ne, ita hannayenta biyu suna aiki. Har maganar ta zo bakina, na haɗiye. Na tashi na koma Filato na ɗauko ambulan ɗin, na biya gida na kwance zanen na ɗauko hotunan, na dawo Wadata bayan azahar. A kan teburin da take auna yadi na cika shi. Ita ta danne mini takardar da hannunta don kada ta zame, ni ina karanta tambaya in juya mata da Hausa, ta amsa in rubuta. Da muka zo inda aka ce ko akwai mai irin ciwon a dangi, na rubuta cewa akwai yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, na sa shekarar da aka yi mini aiki da abin da ya biyo baya. Washegari likita ya sa hannu, na aika. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan wata biyu amsa ta zo, sun karɓe ta. Ni da Inna da mijin ƙanwar tawa muka raka ta filin jirgi. Kafin ta shiga ta ja ni gefe ta ce, "In ban dawo daidai ba, ki kula da Inna." A nan ne kawai, na ɗan lokaci, na ji babu kome a raina sai tsoro dominta.

Mako biyar ta yi. Ranar da ta dawo gidan Inna ya cika, an yi dambu, an jera kujerun roba har waje. Ta shigo da ƙafarta, ta rame kaɗan, tana dariya da bakinta duka. Da muka shiga ɗaki mu biyu ta zare kallabi ta ce in gani. Sun aske ta ƙwal, gashin nan duk ya tafi, don an ce gashi yana tare sautin. Na kai hannu na shafa. Kan sumul yake, babu ɗinki, babu rami, sai wasu ɗigo huɗu ƙanana inda aka ɗaure ƙarfen da ya riƙe kanta kada ya motsa. Na shafa daga saman kunne zuwa tsakar ka, daidai inda nawa yake da tudu, na ji fata kawai.

Ta ba ni labari. An sa mata wani abu kamar ƙwarya a kai, da ruwan sanyi yana zagayawa a ciki, aka tura ta cikin injin ɗaukar hoto. Ba a sa ta barci ba. Injin yana ƙara kamar ana daka a kunnenta, su kuma suna tsayawa suna tambaya ta motsa yatsu, ta faɗi sunanta, ƴarta tana juya mata maganar. Ta ce wani lokaci ta ji kamar gadon yana kifewa da ita, ta yi ta salati. Awa uku ko fiye. Da yamma ta sha shayi da hannunta.

Na tuna ni sai da na kwana tara kafin in gane wanda yake tsaye a kaina.

A tsakar gida ta maimaita wannan labari ya fi sau goma, kowace ƙungiyar mata da nata zagayen. Suna riƙe baki, suna cewa ikon Allah, wai sauti ya shiga kai ya yi aiki ba jini. Ina gefe a kan kujera. Wata tsohuwar ƙawar Inna ta juyo ta dube ni da tausayi, ta dafa mini gwiwa ta ce, "Ke dai kin yi saurin kamuwa, ƴar nan. Da ciwonki ya jira, da ke ma haka za a yi miki." Ba da mugunta ta faɗa ba. Na yi murmushi da rabin bakin da yake motsi, na ce haka Allah ya so. Na tashi na shiga bayan gida na tsaya har fuskata ta huce.

Ba su ce mata ta warke ba. Sun ce curin yana nan, abin da suke fata shi ne ya daina girma, ya daina yoyo, kuma sai lokaci ya nuna. Tana shan maganinta kamar da. Duk bayan ƴan watanni ana ɗaukar hoto a nan Yamai a aika musu. Ni nake raka ta, don ni nake jin abin da likita yake faɗa in ya koma Faransanci, ni kuma nake rubuta wasiƙar da ake haɗawa da hoton.

Zuwanmu na baya-bayan nan, likita ya jera sabon hoton kusa da na farko ya daɗe yana gwadawa. Ya ce bai ƙaru ba, kuma bai ga alamar sabon jini ba. Tun dawowarta sau ɗaya ta faɗi. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Ƙanwata ce, ni na goya ta, ba na son in ga abin da ya same ni ya same ta. Duka biyun suna zaune a raina, wannan da wancan, kuma na daina jiran ɗaya ya kori ɗaya.

Muka shiga taksi ɗaya. Gashinta ya fito har an fara kama shi da ƙananan kitso, ta yi ta ba ni labarin wata shadda da ta shigo kasuwa wadda take so in ɗinka da Sallah. A bakin Wadata ta ce a tsaya. Wani mai kawo mata kaya yana jiran ta da ɗauri biyu na atamfa. Ta sauka ta karɓa, ɗaya a kowane hannu, ta tsallake kwata, ta juyo ta ce in gaishe da maigidana. Na bi hannayenta da kallo har ta shige cikin mutane. Direba ya tambaye ni ina muka nufa, sai da ya sake tambaya sannan na ce masa Filato.